Abin da Ke Sa Tsohon Gidan Jan Bulo Tsada

A unguwannin da Turawan mulkin mallaka suka keɓe wa kansu, irin su Ikoyi a Legas da Jericho a Ibadan, tsohon gidan jan bulo da aka yi wa kwaskwarima kan fi sabon ginin wata unguwa tsada nesa ba kusa ba. Babban dalili shi ne ƙaranci. Ana iya tayar da bene cikin shekara guda, amma inuwar tsohuwar bishiya ba ta sayuwa a kasuwa, fili kuma ba ya ƙaruwa.

Ginin kansa yana rage ɗawainiya. Kaurin bango da tsawon rufi da faffaɗar baranda suna tare zafi, don haka kuɗin lantarki da man janareta kan ragu.

Sai dai fenti kan ɓoye tsagewar bango da katakon da gara ta ci. Mafi muhimmanci kuwa ita ce takarda. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamnan jiha, izinin mallaka yawanci na shekara 99 ne, kuma ciniki ba ya tabbata sai da amincewarsa. Mai saye ya binciki shekarun da suka rage kafin ya biya ko kwabo.