Yawo a Abzin da Tenere lokacin ɗari

1. Ƙasar duwatsu da rairayi

Yara, ku ɗauko taswirar ƙasarmu Nijar. Ku ɗora yatsa a kan Agadas. To, ku tura yatsan sama, ku ɗan karkata wajen hannun dama. Kun shiga duwatsun Abzin ke nan, waɗanda ake rubutawa Aïr da Faransanci. In kuka ƙara matsawa gabas, duwatsu za su ƙare, rairayi ya fara. Wannan rairayi shi ne Tenere.

A 1988 gwamnati ta keɓe wani yanki na Abzin da wani yanki na Tenere, ta haɗa su ta yi gandun daji guda. Faɗinsa murabba'in kilomita 77 360 ne, ya fi ƙasar Togo girma. A 1991 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gado na duniya. A cikin gandun an hana farauta, an hana saran ɗanyen itace, an kuma hana kwashe kayan tarihi.

Mai son ganin wannan wuri da ƙafa ba ya tashi da bazara. A watan Mayu zafi yakan wuce digiri 45, rairayi ya yi zafin da ba ya takuwa. Da damina kuma, ko da yake ruwan da ake samu a yawancin Abzin ba ya kai milimita 100 a shekara, in ya sauka a kan dutse ba ya nutsewa. Sai ya taru ya gangaro ƙorama da ƙarfi, ya tafi da duk abin da ya tarar. Saboda haka lokacin tafiya shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ba baƙi ne suka gano haka ba. Tun kaka da kakanni, sai bayan damina, in iska ta fara sanyi, ayarin gishiri yake ƙetare Tenere zuwa Fashi da Bilma.

Amma ɗarin can ba irin na Maraɗi ko Damagaram ba ne. Da rana akwai ɗumi, har mutum ya tuɓe rigar sanyi. Rana na faɗuwa, sai sanyi ya sauko kamar an buɗe masa ƙofa. Ga dalili: iskar wurin busasshiya ce, kuma babu gajimare. Gajimare kamar bargo yake, yana tsare zafin da ƙasa ta sha da rana. In babu shi, zafin sai ya tsere sama. Ga kuma tudu. Duk mita 1000 da mutum ya hau, zafi yana raguwa da wajen digiri 6. Dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijar yana cikin Bagzan, a Abzin, tsawonsa mita 2022. A can, a watan Janairu, ruwan da aka bari a ƙwarya yakan kwana ya zama ƙanƙara.

2. Tafiya da raƙuma

Lokacin da nake ƙaramin malami a jihar Agadas, wata shekara da hutun Disamba, mu huɗu muka shirya ganin Tenere. Mota ta kai mu Timiya, tafiyar kilomita 200 da ɗoriya daga Agadas, kan hanya mai duwatsu. Timiya gari ne na lambuna a tsakanin baƙaƙen duwatsu. Akwai dabino, da rumman, da alkama, da albasa, kuma mun tarar da lemu ya nuna, rassa har suna sunkuyawa. Kusa da garin akwai inda ruwa yake zubowa daga kan dutse ya taru a ƙasa. Na sa hannu a ciki, na fitar da shi da sauri!

A nan muka sami jagora, wani dattijo Ba'abzine mai raƙuma biyar. Muna ce masa Baba, shi kuma kowannenmu Mushe yake ce masa. Kafin a ɗaura kaya sai da ya duba abin da kowa ya kawo. Ya ɗaga takalmina sabo ful, ya girgiza kai.

— Mushe, sabon takalmi ba abokin tafiya ba ne. Ina tsohon?

Ya sa kowa ya nemi bargo biyu da rawani. Ya ƙirga salkuna da jarkoki da kansa. Sannan ya zaunar da mu kamar ƴan aji ɗaya, ya ce mu sha ruwa ko ba mu ji ƙishirwa ba, domin iskar hunturu tana shanye ruwan jiki ba tare da mutum ya ga gumi ba. Ya ce kada kowa ya sa ƙafa cikin takalmi da safe sai ya kakkaɓe shi, saboda kunama. Daga ƙarshe ya ɗaga yatsa ya ce:

— Kada wanda ya bar zango shi kaɗai. In kuma ƙaddara ta sa mutum ya ɓata, to ya zauna inda yake. Mai zaune ana samunsa.

Muka ce mun ji.

Raƙuma ne suke ɗauke da kaya, mu muna biye da ƙafa. Mukan tashi in rana ta ɗan ɗaga, mu yi ta tafiya cikin busassun ƙoramu har azahar ta gabato. Bayan an huta a ƙara kaɗan, a yi zango kafin magariba. A hanya mun ga aduwa, da magariya, da kandili, da tumfafiya. Sau biyu barewa ta tsallake gabanmu. Ragon dutse kuwa sawunsa kawai muka gani, da kashinsa a bakin wani kududdufi cikin dutse.

Da dare Baba yakan tsinto busasshen itace, ɗan kaɗan, ya hura wuta a kan rairayi. In ta yi garwashi sai ya ture shi gefe, ya binne curin ƙullun alkama cikin rairayin mai zafi, ya mayar da garwashin a kai. In ya gasu ya tono shi, ya kakkaɓe, ya gutsuttsura cikin miya. Sunan wannan gurasa tagella. Bayan ta sai shayi, kofi uku. Muna sha muna kallon Kaza da ƴaƴanta a tsakiyar sama, taurari sun yi yawa har kamar za su zubo.

Wata rana ɗaya daga cikinmu ya kai hannu zai karya reshen kandili don a ƙara wuta. Baba ya riƙe masa hannu. Ya tuna mana da itacen Tenere, wanda ya daɗe tsaye shi kaɗai a kan hanyar Bilma. Saiwarsa ta nutsa fiye da mita 30 kafin ta sami ruwa. Ayari bayan ayari sun yi zango a gindinsa, babu wanda ya karya masa reshe don dafa shayi. A 1973 wata babbar mota ta buge shi ya faɗi. Wanda ya je gidan tarihi na ƙasa a Yamai zai ga gungumensa. A inda yake dā, itacen ƙarfe aka kafa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne zane a jikin duwatsu. Mutanen dā sun sassaƙa raƙuman dawa, da shanu, da jiminu, da mutane riƙe da masu. Raƙumin dawa a inda babu ko ciyawar kirki? To, shekaru dubbai da suka wuce wannan ƙasa kore ce, akwai tabkuna da kifi. Har yanzu ana ganin duwatsun niƙa da kawunan kibau na dutse a kan rairayi. Zanen da ya fi suna yana Dabus, yamma da Abzin, kusa da hanyar Arlit: raƙumin dawa mai tsawon fiye da mita 5. Doka ta ce a duba da ido, a bar kowane abu inda yake. Mai rubuta sunansa a kan irin wannan zane, a ganina, daidai yake da ɗalibin da ya yage shafi daga littafin aji.

3. Safiyar da na ɓata

Bayan kwanaki muka iso Arakaw, inda Abzin yake ƙarewa. Duwatsu ne suka yi zobe, bakin zoben yana duban gabas. Ta wannan baki iska take turo rairayin Tenere, ya taru ya yi tuddai manya manya. Muka yi zango a gindinsu.

Da asuba, bayan salla, sauran suka koma cikin bargo. Ni kuwa na ce bari in hau tudun nan na kusa in ga fitowar rana. Ban ɗauki ruwa ba, ban gaya wa kowa ba. Ai yanzu zan dawo. Da na kai sama sai na ga wani tudun a gaba ya tare mini gani. Na gangara, na hau shi. Bayansa akwai wani, shi ma na hau.

Rana ta fito ja wur. Ina tsaye ina kallo, sai iska ta taso. Kafin a jima hazo ya rufe duwatsu, ya rufe ranar kanta. Na juya in bi sawuna, babu sawu. Iska ta share shi sarai. Tudun dama da na hagu duk kamarsu ɗaya. Na yi kira, iska ta tafi da muryata. Gabana ya faɗi. Na kama tafiya da sauri wajen da nake zaton zango yake, ina hawa ina gangara, rairayi yana shiga mini ido da baki. Sai da na gaji na tuna da yatsan Baba.

Na hau kan wani tudu, na juya wa iska baya, na rufe fuska da rawani, na zauna. Yara, zaman nan ya fi tafiyar wuya. Zuciyata tana ta ce mini: tashi, zango yana bayan tudun can. Maƙogwarona ya bushe, yatsuna sun ƙage don sanyi. Ban tashi ba.

Hantsi ya yi sosai sannan na ji kukan raƙumi. Baba ne, yana jan akala, idonsa a ƙasa. Bai yi mini faɗa ba. Ya miƙo mini ruwa, ya jira na sha. Na tambaye shi yadda ya gane ni, alhali iska ta share sawu. Ya ce a kan tudu take sharewa, amma a gindin tudu, inda iska ba ta bugu sosai, sawu yana daɗewa. Guntu guntu ya riƙa tsintarsa. Sannan ya nuna wajen da na dosa kafin in zauna.

— Mushe, can Tenere ne. Babu rijiya a gabanka sai bayan kwanaki.

Tsakanina da zango bai kai tafiyar rabin awa ba.

A hanyar komawa na tambaye shi jiminun da muka gani a zane, ko akwai su har yanzu. Ya ce da yana yaro garke garke suke yawo a ƙoramun nan. A shekarun 1990, lokacin tawaye, masu bindiga da mota suka ƙarar da su. Tun 1992 UNESCO ta sa gandun cikin wuraren gado da suke cikin haɗari. Akwai kuma wata farar dabba mai murɗaɗɗun ƙahoni, addax da Faransanci, wadda aka ware mata tsakiyar gandun don ta zauna lafiya. Ita ma ta ɓace daga nan. Kaɗan ƙwarai suka rage a Nijar, can wajen Termit. Daga 2007, da rikici ya sake tashi a arewa, baƙi masu yawon buɗe ido suka ja baya, jagorori da maƙera da masu raƙuma da yawa suka rasa abin yi. Mai niyyar zuwa Abzin sai ya fara tambayar hukuma halin da hanya take ciki.

Mu gane kalmomi

Zango: inda matafiya suke sauka su kwana. Da Faransanci: le campement.
Ayari: jerin raƙuma da fatake masu tafiya tare. Da Faransanci: la caravane.
Salka: fatar akuya da aka jeme don zuba ruwa. Da Faransanci: l'outre.
Akala: igiyar da ake jan raƙumi da ita.
Hazo: ƙurar hunturu mai hana gani nesa. Da Faransanci: la brume sèche.

Mu amsa

1. A waɗanne watanni ake yawo da ƙafa a Abzin? Me ya sa ba a yi da bazara?
2. Me ya sa dare yake da sanyi ƙwarai a hamada?
3. Waɗanne kurakurai malamin ya yi da asuba? Ku nemo uku.
4. Yaya Baba ya gano inda yake?
5. Mene ne zanen duwatsu yake nuna mana game da Abzin na dā?

Mu yi lissafi

Matafiya 5 za su yi kwana 6 ba su ga rijiya ba. Kowa yana shan lita 4 a rana. Jarka ɗaya tana cin lita 20. Jarka nawa za su ɗaura wa raƙuma?

Mu rubuta

Ku tambayi wani tsoho a garinku ko a unguwarku sunayen namun dajin da ya gani yana yaro, waɗanda yanzu ba a gani. Ku rubuta su da Hausa a hagu, da Faransanci a dama, ku kawo aji ranar Litinin.