Zaizayar Ƙashi ga Iyayenmu Mata, da Ƙarin Ruwan da Ake Yi Sau Ɗaya a Shekara

Jama'a, wannan 'yar takarda an rubuta ta ne domin mutanen Masaka da maƙwabtansu na Ado, Kuchikau, Auta Balefi da Mararaba, musamman wanda ke da tsohuwa a gida, uwa ce ko kaka ko suruka. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, kuma a karanta a gaban tsohuwar, don maganar tata ce.

Da daminar bara gwaggona ta fito daga banɗaki da buta a hannu, gansakukar bakin rariya ta kwashe ta. Ba daga bene ta faɗo ba, ba kuma ɗan acaɓa ne ya buge ta ba. Daga tsaye ta zame, ta dafa ƙasa da hannun dama, sai wuyan hannun ya karye. Aka kira mai ɗori, ya ja, ya jera 'yan karare, ya ɗaure. Bayan mako shida hannu ya kama, ko da yake ya ɗan karkace. 'Yan dubiya suka yi ta cewa Allah ya kiyaye gaba, muka ce amin, kowa ya kama harkarsa. Wata maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya ce kaɗai ta tsaya ta ƙare mata kallo, ta ce, "Gwaggo, wannan zanen naki da can yana jan ƙasa haka?" Gwaggo ta yi dariya ta ce, "'Yar nan, ai tsufa ne, ƙasa ke kirana." Ma'aikaciyar ta juyo gare ni ta ce, "Malam, ku kai ta a duba ƙashinta. Mai lafiyar ƙashi ba ya karyewa don ya zame daga tsaye."

Gaskiyarta. Ruwa ba ya tsami banza.

Mece ce zaizayar ƙashi?

Mutane da yawa na zaton ƙashi busasshen abu ne kamar bulo, in an gama gina shi shi ke nan. Ba haka ba ne. Ƙashi rayayye ne, kuma a cikinsa akwai ƙananan ma'aikata iri biyu da ba sa hutawa: masu kankare tsohon ƙashi, da masu yaɓa sabo a gurbinsa. Tun daga yarinta har zuwa wajen shekara 30 masu yaɓe ne ke da rinjaye. Daga nan sai a yi ta kunnen doki na wani lokaci. Ga mace, akwai wani sinadari mai suna estirojin da ke riƙe wa masu kankara linzami. In al'ada ta ɗauke, galibi wajen shekara 50, sinadarin nan ya ragu, sai masu kankara su samu sake, masu yaɓe su kasa cim musu. Daga waje ƙashin yana nan yadda yake, amma cikinsa ya zama kamar azarar da gara ta cinye. Duk wanda ya taɓa dafa irin wannan azara ya ji ta burma a hannunsa ya san abin da nake nufi.

Kada a haɗa ta da sanyin ƙashi. Sanyin ƙashi a gaɓɓai yake, gwiwa ta kumbura, ta yi tsami, mai shi ya kwana yana nishi. Ita zaizayar ƙashi ba ta da zafi ko kaɗan sai ranar da wani wuri ya karye. Wurare uku ta fi so: wuyan hannu, ƙashin baya, da kwatangwalo. Na ƙashin baya shi ne mai wayo, domin gaɓoɓin bayan sukan lotse ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci ba tare da an faɗi ba. Sai a ga tsohuwa tana raguwa a tsawo, doro ya fito, a ce tsufa. Na kwatangwalo kuwa shi ne mugu. Shi ke kwantar da tsohuwa, kwanciya ta jawo gyambo a baya da ciwon huhu, kuma ko a ƙasashen da asibiti ya wadata, kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda suka karye a nan ba sa kai shekara. Ƙungiyar duniya mai kula da wannan cuta, wadda ta keɓe 20 ga Oktoba ta kowace shekara don faɗakarwa, ta ƙiyasta cewa mace ɗaya cikin uku da suka haura 50 za ta gamu da irin wannan karaya, namiji kuwa ɗaya cikin biyar.

Ta fi kama siririyar mace, da wadda mahaifiyarta ta taɓa karyewa a kwatangwalo, da wadda al'adarta ta ɗauke da wuri ko aka cire mata ƙwan haihuwa, da wadda ba ta motsa jiki, ba ta shan hantsi. Amma akwai abu ɗaya da nake so in ja kunne a kai, don a unguwanninmu ya zama ruwan dare: ƙwayoyin deksametason da firednisolon. Wasu na sha don ƙiba, abin nan da ake kira sha-ka-fashe. Wasu kuma ana haɗa musu shi a kemis cikin 'yar leda don ciwon gwiwa, su sha su ji garau, gobe su koma. Wata uku a jere kan waɗannan ƙwayoyi sun isa su fara cin ƙashi. In likita ne ya ɗora ki a kansu don asma ko wata cuta, kada ki yanke da kanki, yankewar farat ɗaya na da haɗari, amma ki tambaye shi batun ƙashinki.

Ana gane cutar da wata na'ura mai suna DEXA, wadda ke auna ƙarfin ƙashin baya da na kwatangwalo cikin 'yan mintuna, ba allura ba zafi. Tun 1994 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa ma'aunin: in sakamako ya nuna -2.5 ko ƙasa da haka, zaizaya ta tabbata. Ba kowane asibiti ke da na'urar ba, sai an tambaya. To amma tsohuwar da ta karye a kwatangwalo ko ƙashin baya daga zamewa kawai, likita na iya fara mata magani ko ba a samu na'ura ba. Masu ɗora ƙashi na asibiti ana samunsu a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Keffi, da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, da Asibitin Koyarwa na Gwagwalada. Wanda ke da dangi a Kano ya san Asibitin Ƙashi na Dala.

Ƙarin ruwan ƙashi

Mu mutanen nan muna da son ƙarin ruwa. Kowa ya ɗan ji kasala sai ya ce a ɗaura masa leda biyu, in an sa mata ruwan bitamin ta yi ɗorawa sai ya ji ai ya sha magani mai tsada. Don haka tun da wuri a gane: wannan da za mu faɗa ba shi ne wancan ba. Ba ya ƙara kuzari, ba ya maganin ciwon gwiwa, kuma ba a ɗaura shi a kan benci a bayan kanti.

Sunan maganin zoledironik, an fi saninsa da Aclasta, wanda kamfanin Novartis ya fara fitarwa, akwai kuma na wasu kamfanoni. 'Yar kwalba ce mai mililita 100, da miligiram 5 na magani a ciki. Ana sa shi ta jijiya a hankali, bai kamata ya ƙare ƙasa da minti 15 ba, sai kuma baɗi. Yadda yake aiki kuwa abin sha'awa ne. Da ya shiga jini sai ya je ya manne a jikin ƙashi ya yi zamansa. In masu kankara suka zo ci, sai su haɗiye shi tare da ƙashin, ƙarfinsu ya karye, masu yaɓe su samu sararin cike ramuka. Da yake yana daɗewa a manne, shi ya sa kwalba ɗaya ke riƙe mutum shekara.

Ba da ka aka faɗi amfaninsa ba. A 2007 aka buga sakamakon wani babban gwaji mai suna HORIZON, wanda Dennis Black na Jami'ar Kalifoniya ya jagoranta, a kan mata fiye da 7,700 na ƙasashe da dama. Cikin shekara uku, waɗanda aka yi wa maganin sun samu ragin karayar ƙashin baya da kashi 70 cikin 100, ta kwatangwalo da kashi 41. A wannan shekarar kuma wani gwajin, a kan tsofaffin da suka riga suka karye a kwatangwalo aka yi musu tiyata, ya nuna sabuwar karaya ta ragu da kashi 35, mutuwa ta ragu da kashi 28. A lura, ragi aka ce, ba a ce an rufe ƙofa ba. Wadda ke kan magani ma tana iya karyewa.

Mai karatu zai ce, ba ƙwaya ne? Akwai. Alendironet ana shan ta sau ɗaya a mako, tana aiki, kuma ta fi araha. Matsalarta ƙa'ida. Sai da safe kafin a ci komai, da cikakken kofin ruwa zalla, sa'an nan a zauna a miƙe rabin awa, ba kwanciya, ba koko, ba shayi. Ni kuwa na san tsofaffinmu: da an idar da asuba an yi lazimi sai a ɗan kishingiɗa. Ga mai ƙwannafi ko gyambon ciki, ƙwayar na iya ƙona mata maƙoshi, ga mantuwa. Irin waɗannan su ƙarin ruwan ya fi dacewa da su. Kuma duk wanda ya taɓa tasowa daga Masaka da sassafe ya maƙale a cunkoson Mararaba da Nyanya da tsohuwa a mota, ya san darajar maganin da sau ɗaya ake fita dominsa a shekara. Akwai kuma allurar Prolia ta wata shida-shida, wadda ake ba masu raunin ƙoda, sai dai ita in an fara ba a sakaci da ranarta, don in aka bari ƙashi na saurin komawa baya.

Kafin a ɗaura, da bayan an cire

Ba a fafe gora ranar tafiya. Abu na farko gwajin ƙoda, domin ta ƙoda maganin ke fita, kuma in aikinta ya yi ƙasa da ma'aunin 35 ba a yin sa sam. Mai ciwon suga ko hawan jini ta riƙe wannan da kyau. Na biyu gwajin kalsiyam, sinadarin da ake gina ƙashi da shi, tare da duba bitamin D. In sun yi ƙasa sai an cike su tukuna, in ba haka ba maganin zai ƙara jan kalsiyam ƙasa, leɓe da yatsu su yi ta tsikari, jijiyoyi su ɗaɗɗaure. Na uku haƙori. In akwai wanda ya ruɓe ko ake shirin cirewa, a gama da shi, dasashi ya warke, sa'an nan a yi ƙarin ruwan, saboda akwai wata larura ta ƙashin muƙamuƙi da kan biyo bayan cire haƙori. Ba kasafai take aukuwa ba, amma in ta zo tana da wuyar warkewa. A tattara duk magungunan da tsohuwa ke sha a leda a nuna wa likita, har da na gargajiya, musamman ƙwayar da ke sa yawan fitsari da masu kashe zafi irin su dikulofenak. A duba lambar NAFDAC a kwali. A kuma tabbata na miligiram 5 ne, don akwai ɗan'uwansa na miligiram 4 da ake yi wa masu ciwon daji bisa wani tsari dabam.

Ranar da za a yi, ta karya kumallo, ta sha ruwa kofi biyu kafin a fara, ta ci gaba da sha bayan an gama. Saboda haka ina ganin gara a sa ranar a wajen watan azumi. Wadda aka yi wa tiyatar kwatangwalo akan jira mako biyu ko fiye.

Sai batun zazzaɓi. Kusan ɗaya cikin uku na waɗanda aka yi wa karon farko sukan ji zazzaɓi, ciwon jiki da ciwon kai a cikin kwana uku na farko. A gidanmu haka aka yi, da likita ya duba Gwaggo aka ɗaura mata nata. Kashegari Gwaggo ta lulluɓa da bargo tana rawar sanyi, ta ce da ni, "Kai ɗan nan, da lafiyata ka kai ni aka ɗura mini maleriya." Ƙanwata har ta ɗauki mayafi za ta kemis. Da yake an riga an gargaɗe mu, farasitamol muka ba ta da ruwa mai yawa, a rana ta uku ta tashi tana faɗan an bar mata tsakar gida ba shara. A shekara ta biyu abin yakan yi sauƙi sosai. Amma a ƙasar sauro muke: in zazzaɓi ya wuce kwana uku, ko ya yi tsanani, ko fitsari ya ragu, ko ido ya yi ja yana ciwo, a koma asibiti. Haka nan in daga baya cinya ta dame ta da wani ciwo mai naci, a faɗa wa likita.

Akan yi shekara uku a jere, sa'an nan likita ya sake dubawa. Wata a ba ta hutu, wadda haɗarinta ke da yawa a ci gaba har shida.

Shi maganin, hana rushewa yake yi, kayan gini kuwa daga tukunya suke fitowa. Nono da kindirmo, miyar kuka, zogale, riɗi, da ƙananan busassun kifi da ake ci da ƙayarsu, duk suna da kalsiyam, kuma duk ana samunsu a kasuwar Masaka. A bar tsohuwa ta sha hantsi, ta taka zuwa maƙwabta, ta yi 'yan aikace-aikacenta. 'Ya'yan da ke cewa "Inna, zauna ki huta" daga safe har dare, da kyakkyawar niyya suke yi, amma ƙashin da ba ya ɗaukar nauyi saurin lalacewa yake. A kankare gansakukar banɗaki, a sa fitila a hanyar da take bi da dare, a raba ta da silifas ɗin da ya sule, a kai ta a duba mata ido.

Mu dai a gidanmu mun kafa ƙarfen dafawa a bangon banɗaki, mun zuba siminti mai kaushi a bakin rariyar nan. Ranar ƙarin ruwa na gaba kuwa Gwaggo ba ta yarda da kalanda ba, ta ce a lissafa mata da Babbar Salla, mako biyu bayan an gama suyar nama.