Daga dandalin ƙauye zuwa takobi

Kai mai karatu, ka taɓa tsayawa kallon kokowa da kaka, bayan an kai hatsi rumbu? To, nan ne ake fara tsintar ƴan kokowar jahar Maraɗi.

Kowace jaha tana aika mutum 10 gasar takobi ta ƙasa. Jahohi 8 ne, ka ga mutum 80 ke nan. Mu namu gurbi 10 ne kacal. Ga Tasawa, ga Mayahi, ga sauran gundumomi, kowa na so.

Wani yaron, tun yana kada sa'o'insa a dandali, tsofaffin ƴan kokowa sun sa mashi ido. Su za su kai sunansa gaba. Wani kuwa ba wanda ya kira shi. Ya sai da tiyar gero, ya biya kuɗin mota, ya shiga fili ranar zaɓe. In ya kada wanda makaɗa ke yi ma kirari, da wuya a ƙi rubuta shi. In ya faɗi, sai gida, sai baɗi. Kuɗin motar ma ba mai maida mashi.

Gasar farko, a Tawa cikin 1975, ɗan jahar Maraɗi ne ya cinye ta: Yakuba Ango, wanda ake ce ma Kantu. Filin kokowa na Maraɗi sunansa aka sa mashi.