Daga Kwando Zuwa Akurki

A nan Gwiwa kaza takan yi kwanci kwana 21 ta ƙyanƙyashe, amma kaɗan daga cikin 'yan tsakin ke girma. Sanyi da shirwa ke ɗauke sauran, mu kuwa sai mu ce rashin sa'a ne.

A makonnin farko mu kife su da kwando cikin ɗaki, bisa busasshen ƙaiƙayi. In babu uwa, mu ajiye fitilar ƙwai kusa, amma a kan bulo, domin ƙaiƙayi ba ya wasa da wuta. Su da kansu za su gaya mana yadda suke ji. In sun cunkushe suna kuka, sanyi ne. In sun guje wa fitilar, zafi ya yi yawa. Abincinsu tsakin gero, dusa da gara. Ruwa kuwa a ƙaramin kasko da tsakuwa ciki, kada su nutse.

Kada mu kai su akurki sai gashi ya rufe jikinsu, wajen mako 6, in hunturu ne ma mu ƙara jira. Mu riƙa fitar da su da hantsi, mu maido su da la'asar, har su saba. Kafin su tare mu share akurkin, mu barbaɗa toka saboda ƙuma, mu toshe ramin ɓera, mu kuma nemi rigakafin Vom wurin malamin dabbobi.