Wasiƙa ga Matasan Ƙasar Gumel Kan Kyautar Sallah

Zuwa ga 'ya'yana da ƙannena na Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar,

Na san azumi na kamawa kun fara lissafin abin da za ku kai gida. Waninku na karatu a Kwalejin Ilimi ta Gumel, wani ya tafi ci-rani Kano ko Legas, wani kuma yana dillanci a karar Maigatari. Aljihunku ba ɗaya ba ne, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda kwanon sukari da turmin atamfa suka koma. Shi ya sa nake roƙonku, kafin ku shiga kasuwa ku fara shiga gida ku buɗe ido.

Ka zauna a tsakar gida da yamma ka kalli mahaifiyarka. Dubi tabarmar da take sallah a kai, wadda gefenta ya zare har ƙasa na taɓa goshinta. Dubi yadda take lalube a madafa bayan magariba da fitilar waya a baki. Ita ba za ta ce maka komai ba, iyayenmu mata kunyar roƙon 'ya'yansu suke yi, balle ɗan fari. Darduma mai laushi da fitila mai caji da hasken rana za su yi mata aiki shekara guda cur, alhali leshin da ka ciyo bashi ka saya adaka zai shiga ya jira bikin da ba a sa rana ba. Baba kuwa, in ka ga yana nesanta Alƙur'ani da fuskarsa yana ƙanƙance ido, ka kai shi a auna masa tabarau. Kaka mai haƙora biyu ba ta buƙatar kilishi. Zuma, man zafi na gwiwa da bargo kafin hunturu sun fi mata.

Sai maganar lokaci, wadda a nan ne matasa suka fi yin sake. Yadin da aka kai wa ƙane ana jajibiri ba kayan Sallah ba ne, domin tela ya rufe karɓar ɗinki tun azumi na tsakiya. Ku sayi yadi da wuri, ku haɗa da kuɗin ɗinki, don kada kyautarku ta zama wa wani nauyi. Haka kayan shan ruwa na gidan surukai: gero, sukari da dabino a farkon wata ake kai su. Mu da Allah ya ajiye mu a bakin iyaka, kasuwar Maigatari na ci kowace Alhamis, mutanen Damagaram na shigowa da kayansu. Wanda zai kai wa abokinsa na Kano tsaraba, cukun Nijar ko dabino ko zoɓon gonarmu sun fi duk wani kwalin biskit da zai samu a bakin layinsu.

'Yan mata, ku ma kuna da hannu a ciki. Wadda ta iya lalle ko kitso ta zauna ta yi wa gwaggonta da 'ya'yan maƙwabta, ta toya cincin ta kai gidan da aka yi rashi bana. Wannan ma kyauta ce cikakkiya.

Akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Saurayi ya tattara kuɗin riɗinsa kaf ya sayi waya ya kai toshi, ƙannensa na gida kuwa da tsohon kaya za su je kallon hawan Mai Martaba Sarkin Gumel. Ban hana toshi ba, al'ada ce mai kyau, amma daidai ruwa daidai tsaki. Kuma gidan da ke da mata biyu, ɗana, abin da ka saya wa 'ya'yan ɗakinku ka saya wa na ɗayan ɗakin, ko da ƙaramin abu ne. Yara ba sa mantawa da wanda aka tsallake.

Ku canjo ƙananan kuɗi tun da wuri saboda yaran da za su zo barka da Sallah, kuma ku tuna da malamin allo da almajirin da ke yi wa gidanku aike. Zakkar fidda kai daban take, a fitar da ita kafin a tafi idi, kada a lissafa ta cikin kyauta. In Babbar Sallah ce, ku ware kason maƙwabci tun nama na ɗanye.

Wanda yake kusa ya kai da ƙafarsa, ya durƙusa ya gaida manya, ya ci tuwon Sallah. Wanda nisa ya hana, in ya tura kuɗi ta waya, ya kira ya ji muryar kowa, ya kuma faɗi na wane da na wane don kada rabo ya jawo ɓacin rai.

Allah ya karɓi ibada, ya kai mu Sallah lafiya.

Baffanku.