Kayan gyaran birkin baya na mota

Ƴan'uwa direbobin Filinge da Damana, rairayi yana cin birki. Kafin ku kwance birkin baya mai faifai, ku tanadi:

1. Jak, da gungume mai ƙwari na tokare mota. Jak kaɗai yana zamewa.
2. Sufana daidai da kan noti.
3. Buroshin ƙarfe na goge tsatsa.
4. Ƙarfen murɗa fistan.

Ku lura: fistan shi ke matse birki. A motoci da yawa, na baya yana haɗe da birkin hannu. Murɗa shi ake yi, ana turawa. In an buga shi da guduma, ya lalace.

In kun gama, ku yi ta taka birki har ya yi tauri kafin ku tashi.

Tambaya: Don mi ba a bugun fistan?