Yadda Zafi Ke Tafiya

Wanda ya taɓa sauka Yelwa ta ƙasar Yawuri ran kasuwa ya ga kifi banda jibge cikin kwanduna, daga Wara ta ƙasar Ngaski, da Shanga, da sauran garuruwan bakin ruwa. Ko wane kwando da ka gani sai da ya ci itace kafin ya iso. To, ga mutum biyu, kifinsu iri ɗaya. Na farko ya ƙone dami guda na itace, kifinsa ya yi baƙi daga waje, ciki kuwa ɗanye, bayan 'yan kwanaki ya soma wari. Na biyu bai ƙone ko rabin wannan ba, kifinsa ya bushe sarai, ya kai kasuwa mai nisa lafiya. Mutane su kan ce wannan sa'a ce, ko kuwa kyawun hannu. Ni dai a ganina na biyun ya san hanyoyin da zafi ke bi ne, ko da ya ke in ka tambaye shi ba zai iya bayyana maka ba. Waɗannan hanyoyi su mu ke so mu duba.

MENE NE ZAFI?

Kafin mu san tafiyar zafi, sai mu san abin da ke tafiyar. Masana sun tabbatar ko wane abu na duniya, da ƙarfe, da ruwa, da iska, da jikinka, tarin waɗansu ƙwayoyi ne ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani. Da za a tara dukan mutanen duniya, a ce su ƙidaya ƙwayoyin da ke cikin ɗigon ruwa guda, kowa na ƙirga ɗaya ko wace daƙiƙa dare da rana, da sai su yi shekara fiye da 6,000 ba su gama ba.

Ƙwayoyin nan ba su taɓa tsayawa cik. A cikin abu mai tauri, kamar ƙarfe ko dutse, suna matse da juna, ko wace tana rawa a mazauninta, kamar mutanen da su ka cika jirgin fito, kowa na motsi amma ba mai barin wurinsa. A cikin ruwa suna gogar juna suna wucewa, kamar jama'a a tsakiyar kasuwa. A cikin iska ko tururi kuwa sun rabu, ko wace ta kama gabanta da gudu, sai ta yi karo da wata ta juya. Shi ya sa in ana toya kifi a wani gida ka kan ji ƙanshi daga naka. A shekarar 1827 wani Bature mai binciken tsire-tsire, Robert Brown, ya duba ɗan ƙurar fure cikin ruwa da madubi mai ƙara girman abu, ya ga tana ta karkarwa ba fasawa. Sai a 1905 Albert Einstein ya bayyana dalili da lissafi, watau ƙwayoyin ruwa ne ke bugunta ta ko wane gefe.

To, zafi ba wani abu ba ne sai wannan motsi. In ƙwayoyi su ka ƙara sauri, mu ce abu ya yi zafi. In su ka lafa, mu ce ya huce. Turawan da ma ba su san haka ba, suna tsammani zafi wani irin ruwa ne marar nauyi da ke kwarara daga wannan abu zuwa wancan. Wani mutum da a ke kira Rumford, yana duba masu huda ƙarfen igwa a birnin Munich na Jamus, ya lura muddin ana gugar ƙarfen zafi ba ya ƙarewa, har ya tafasa ruwa ba da wuta ba. Ya rubuta labarin a 1798. Ko wane masunci da igiyar taru ta taɓa zarcewa cikin tafinsa ya riga ya ji wannan karatu a jikinsa.

Abu guda kuma ka riƙe: kullum zafi daga mai zafi ya ke tafiya zuwa mai sanyi. Mu kan ce sanyi ya shige mu, amma a gaskiya zafin jikinmu ne ya fita.

DAGA HANNU ZUWA HANNU

Je ka maƙera ka duba. Maƙeri ya sa bakin ƙarfe a wuta, an jima kaɗan gindin ma ba ya taɓuwa, sai da awartaki. Wuta ba ta taɓa gindin ba. Ƙwayoyin da ke cikin wuta su ne su ka soma rawa da ƙarfi, su ka bugi na kusa da su, waɗannan kuma su ka bugi na gaba, kamar yadda a ke miƙa buhunan albasa daga hannu zuwa hannu har su shiga jirgi, alhali ba wanda ya bar inda ya ke tsaye.

Ba dukan abubuwa ke miƙa zafi daidai ba. Ƙarfe ya fi itace saurin miƙawa sau ɗaruruwa, sabo da haka a ke tuƙa tuwo da muciya ta itace. Da asuba lokacin hunturu taɓa bakin gatari, sa'an nan ka taɓa ƙotarsa. Ka ce ƙarfen ya fi sanyi, amma da za a gwada su da ma'aunin zafi sai a tarar duk ɗaya ne, gama wuri guda su ka kwana. Ƙarfen dai ya fi saurin kwashe zafin hannunka ne. Iska kuwa in ta tsaya wuri ɗaya ta fi kusan kome rowar miƙa zafi. Bargo ba ya da ɗumi na kansa, iskar da ya tsare cikin gashinsa ita ke hana naka fita. Haka jinkar ciyawa ke yi da rana, ta hana zafin waje shiga, abin da kwanon rufi ba ya iyawa.

Mai banda ya lura da wannan. Wanda ya yanka gangar ƙarfe ya yi murhu da ita ya sami abu mai sauƙin ɗauka, amma in ya kai hannu kusa da jikinta zai ji inda itacensa ke tafiya. Murhun da aka gina da laka mai kauri ya kan daɗe bai ɗau zafi ba, in ya ɗauka kuma ya riƙe.

ZAFI A KAN ABIN HAWA

Ruwa da iska suna da wata hanya, domin ƙwayoyinsu suna iya barin wurinsu. Ɗora tukunyar ruwa a wuta, ka watsa 'yar dusa ciki, ka zuba ido. Za ka ga dusar tana tasowa daga tsakiya, ta bazu, ta gangara ta gefe, ta sake tasowa. Ruwan da ke gindi ya yi zafi, ƙwayoyinsa sun ɗan buɗa, ya rage nauyi, sai mai sanyi ya sauko ya tura shi sama. Nan zafi ba miƙa shi a ke yi ba, ɗauke shi a ke yi dungum, kamar kayan da jirgi ya tafi da su.

Tafkin Kainji babbar tukunya ce da ta nuna wannan ta wata fuska. An soma gina madatsar a kan kogin Kwara a 1964, aka gama a 1968, ruwa ya taru ya koma baya wajen mil 85, har zuwa ƙasar Yawuri. Ya ci tsohuwar Busa da gungu masu yawa, aka ta da mutane fiye da 40,000, cikinsu har da Gungawa, aka sake musu mazauni. Bambancin tafki da tukunya shi ne wutarsa daga sama ta ke, watau rana. Da bazara ruwan sama-sama ya kan yi ɗumi, tun da kuwa ya fi sauƙin nauyi sai ya zauna bisa mai sanyi, ba ya sauka. Wanda ya yi nutso a wuri mai zurfi ya san inda ƙafarsa ke shiga sanyi farat ɗaya. In aka daɗe haka, ruwan ƙasa ba ya haɗuwa da iska, abin da kifi ke shaƙa ya ƙaranta a can, kifi ya guji zurfin. Sai sa'ad da fuskar ruwa ta huce ta yi nauyi ta nutse, ko ambaliya ta shigo da ƙarfi, sa'an nan tafkin ya gauraya.

Iskar bakin ruwa ma haka ta ke. Yashi ba ya bukatar zafi mai yawa kafin ya ɗau ɗumi, ruwa kuwa yana bukatar kamar ninki huɗu ko biyar na wannan. Sabo da haka da rana tudu ya riga ruwa yin zafi, iskar da ke bisansa ta tashi, mai sanyi ta taho daga tafki ta maye wurinta. Da dare tudu ya riga hucewa, iska ta juya.

Banda da wannan hanya ta ke aiki. Hayaƙi da iska mai zafi su tashi, su ratsa kifi. In ka shimfiɗa kifi layi ɗaya bisa buɗaɗɗen murhu, zafi ya shafe shi sau ɗaya ya wuce sararin Allah, ka yi asarar mafi yawansa. A 1969 a Chorkor, wata unguwar masunta ta birnin Ankara a ƙasar Gana, aka fito da wani irin murhu na laka wanda a ke jera faranta masu gindin raga bisansa, wani kan wani, a rufe na sama. Jerin ya zama kamar bututu, zafi guda ya ratsa kifi hawa-hawa kafin ya fita. Ba wani asiri a ciki, kowa na iya kwatantawa, sai dai a riƙa sauya na sama da na ƙasa.

Bari in ratse kaɗan in yi gargaɗi. Kada sanyin hunturu ya sa ka shiga da kaskon gawayi ɗaki ka toshe ƙofa da taga. In iska ba ta shiga tana fita ba, gawayi ya kan fid da wata guba marar wari marar launi, wadda ke kashe mutum cikin barcinsa.

ZAFIN DA BA YA BUKATAR ABIN HAWA

Tsakaninmu da rana mil miliyan 93 ne, galibinsa sarari ne wofi, ba iska ba ruwa. Duk da haka zafinta na iso mu cikin minti 8 da 'yan daƙiƙu, domin tafiyar haske ya ke yi. A 1800 William Herschel, a Ingila, ya raba hasken rana launi-launi kamar bakan gizo, ya sa ma'aunin zafi can gaba da jan, inda ido ba ya ganin kome, sai ya ga ma'aunin ya hau. Ashe akwai hasken da ba a gani, jiki ne kaɗai ke jinsa. Ko wane abu mai zafi yana fid da shi. Shi ne ke gasa fuskarka in kana jin wuta, bayanka kuwa na jin ɗari. Baƙin abu ya fi shan hasken rana, fari ya mai da shi.

INDA ITACE KE ƁATA

Saura abu guda, shi ne kuwa ya fi taɓa aljihu. Cikin ruwa ko wane lokaci akwai ƙwayoyin da su ka fi 'yan'uwansu sauri. Su ne ke tserewa su zama tururi, su tafi da zafinsu, a bar masu sanyin tafiya. Dalilin sanyin ruwan randa ke nan: laka na tsattsafo da ruwa, iska ta busar, zafi ya fita. Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya sa tukunya cikin tukunya, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi don ajiye kayan miya, har aka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Amma wannan tserewa tana da tsada. Zafin da a ke bukata a mai da tafasasshen ruwa tururi ya fi ninki biyar na wanda zai ɗauko ruwan daga sanyin ƙanƙara ya kai shi tafasa. Yanzu tuna ɗanyen kifi wajen kashi uku cikin huɗu na nauyinsa ruwa ne, ɗanyen itace kuma ya kan kai rabi. Wanda ya hura ɗanyen itace, wutarsa sai ta fara busar da itacen tukuna, abin da ya rage shi kifi ke samu. Haka wanda ya ɗora kifi yana ɗigar ruwa, bai bari ya tsane a iska ba.

Ga kuma kuskuren mutumin nan na farko. Gaggawa ta sa ya hura babbar wuta, ya matso da kifi kusa da harshenta. Zafin garwashi ya bugi fatar kai tsaye, ta ƙone ta yi tauri. Cikin tsoka kuwa zafi ba shi da hanya sai ta farko, daga ƙwaya zuwa ƙwaya, nama kuma ba ƙarfe ba ne, a hankali ya ke miƙawa. Fatar da ta taurare ta tsare ruwan ciki, ruwan nan shi ne ruɓa ke nema. Na biyu ya tsane kifinsa, ya ɗaga ragar daga wuta, ya fara da wuta matsakaiciya har naman ya nuna, sa'an nan ya rage ta ya bar hayaƙi mai ɗumi ya yi ta jan ruwan sannu sannu. Karfasa ƙarama ta kan shiga yadda ta ke, tarwaɗa a naɗe ta, amma giwan ruwa sai an tsaga shi an yanka gunduwa-gunduwa, domin in kaurin nama ya ninka biyu, lokacin da zafi zai ɗauka ya kai tsakiyarsa ya kan ninka wajen huɗu.